Kwas ɗin sadarwa a wurin aiki: rubutun ya biya kuɗin sabulu, aikin rukunin kuwa da gyara

Don dole na yi rajistar kwas ɗin nan, ba don ina so ba. Ina shekara ta uku a fannin injiniya aka ce babu mai kammalawa sai ya ɗauki darasin sadarwa a wurin aiki, makonni 12, zama biyu a kowane mako. A raina na ce ɓata lokaci ne kawai. Mutumin da ya rubuta jarrabawa ba adadi har ya iso jami'a, wa zai zaunar da shi ya koya masa rubuta wasiƙa? Yanzu da maki ya fito kuma zuciya ta huce, bari in faɗi abin da na samu da abin da ya ɓata min rai, saboda 'yan ajin da ke bayanmu suna ta tambaya ko su ɗauke shi da gaske ko su lallaɓa su wuce.

Ga yadda aka raba makin: kashi 30 na rubuce-rubucen da kowa ke yi shi kaɗai, kashi 30 na jarrabawa, kashi 40 na aikin rukuni. A kan arba'in ɗin nan duk rigimata take, amma zan fara da abin da ya yi kyau.

A zama na biyu Malama ta ce kowa ya rubuta imel zuwa ga shugabansa na wurin aiki, yana neman ƙarin kwana biyu kafin ya miƙa wani rahoto. Na zage na rubuta kusan kalmomi 200. Na yi gaisuwa, na bayyana yadda aikin ya faro, na kawo matsalar na'urar gwaji, na nuna irin ƙoƙarin da na yi, sai a sakin layi na ƙarshe na ce ko za a taimaka a ƙara min lokaci. Ta sa muka yi musayar takardu, kowa ya duba ta maƙwabcinsa na daƙiƙa goma kacal, sannan a kife. Ta tambayi wanda ya karanta tawa, "Me yake so?" Ya ce, "Kamar dai na'urarsu ce ta lalace." Aji ya fashe da dariya. Da takardar ta dawo hannuna, ta zagaye layin ƙarshe da jan biro, ta ja kibiya har sama, ta rubuta a gefe: "Wannan ne saƙon. Sauran duk rakiya suka yi masa."

Na yi mata gardama. Na ce, "Malama, ai fara wa babba da buƙata kai tsaye kamar rashin ladabi ne." Ta ce ba ta hana gaisuwa ba, a yi ta a layi ɗaya, amma mutumin da saƙonni hamsin ke jiransa ba girmama shi ka yi ba in ka sa shi tonon abin da kake nema. Tsarin da ta ɗora mu a kai mai sauƙi ne: taken saƙo ya faɗi maganar, layin farko ya faɗi abin da kake so a yi da ranar da kake so a yi shi, dalilai su biyo baya ga wanda ke da lokacin karantawa. Sau huɗu muka sake rubuta imel ɗin nan. Na ƙarshe ya tsaya a kalmomi 60 da 'yan kai, kuma ya fi na farkon ladabi. Da a ce kwas ɗin ya ƙare a makon nan ma, da na ce na ci riba.

Haka ta yi mana da takardar neman aiki da rahoto. Duk inda na rubuta "an gudanar da gwaje-gwaje", sai ta sa alamar tambaya: wa ya gudanar, guda nawa, me aka gano? Mu 'yan injiniya mun saba ɓoye kanmu a bayan "an yi" da "an samu", muna ganin shi ne rubutun masana. Ta ce a wurin aiki duk jimlar da ba ta da mai aikatawa, ranar da abu ya lalace ba za a san wanda za a kira ba.

Ɓangaren ƙa'idoji bai kai wannan armashi ba, amma ta yi mana gaskiya a kansa. Ta zana tsarin sadarwa na Claude Shannon, wanda ya wallafa a 1948 yana aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, aka sake fitar da shi tare da bayanin Warren Weaver a 1949: mai aikawa, hanya, hayaniyar da ke shiga tsakani, mai karɓa. Sai ta ce mu tuna mutumin injiniya ne, damuwarsa yadda sigina zai bi waya ya isa lafiya, shi da kansa ya ce ma'anar saƙon ba ta cikin lissafinsa. Saƙo yana iya isa ba ko harafi ɗaya da ya ɓace, amma wanda ya karɓa ya fahimci wani abu dabam. Na rubuta wannan a littafina ina gyaɗa kai, ban san makonni kaɗan suka rage in gani da idona ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ranar da ta soke wani shafi na takardun kwas ɗin da kanta. Shafin ya kawo maganar nan da ta zagaye duniya, cewa kalmomi kashi 7 ne kawai na sadarwa, murya 38, fuska 55. Ta ce mu ja masa layi. Alƙaluman sun fito ne daga gwaje-gwaje biyu na Albert Mehrabian a Amurka a 1967, inda aka kunna wa mutane kalma ɗaya tak da aka furta da murya iri-iri, aka nuna musu hotunan fuska, aka tambaye su yadda mai maganar yake ji. Sakamakon ya shafi so da ƙi ne, a lokacin da kalma da murya suka saɓa wa juna. Shi kansa Mehrabian ya yi gargaɗin kada a shimfiɗa shi a kan kowace irin magana. "In da gaske kalmomi kashi 7 ne," in ji ta, "ku je ku saurari lakca a harshen da ba ku ji, ku dawo min da kashi 93." Ban taɓa ganin malami ya ƙaryata takardar da aka ba shi ya koyar ba sai ran nan.

Akwai kuma atisayen ɗaukar kai a bidiyo: minti uku kana bayanin wani abu daga fanninka ga wanda bai san komai a kai ba, ka kalla, ka rubuta abin da ka gani. Ban ji daɗin kallon ba. Na ƙirga sau 23 ina jan "eee" ɗin nan da mutum ke yi in magana ta ɓace masa, kuma rabin lokacin allo nake kallo. Babu lakcar da za ta gaya min wannan in yarda.

Inda kwas ɗin ya fara rauni shi ne jerin siffofi bakwai na kyakkyawan saƙo da aka sa mu haddace, suka kuma fito a jarrabawa kamar yadda suke. Na haddace, na zuba, na manta. Sannan gyaran takardu da yake dawowa cikin mako guda a farkon zango ya koma ɗaukar mako uku daga tsakiya, saboda ajin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Rahotona na biyu na miƙa shi ban ga gyaran na farko ba, na maimaita kurakuran nan dai.

To, aikin rukuni.

A mako na 4 aka raba mu da ƙuri'a, biyar-biyar. Aikin shi ne mu nemo wata matsalar sadarwa ta gaske a sashenmu, mu tambayi waɗanda ta shafa, mu rubuta rahoto mai kalmomi 3000 da shawarwari, mu gabatar a gaban aji cikin minti 15. Muka zaɓi yadda ake sanar da ɗalibai in an sauya lokaci ko ɗakin lakca, don kowa ya taɓa zuwa ya tarar da ɗaki ba kowa. Zaman farko kamar mun shekara da sanin juna. Duk abin da aka kawo sai a ce "ba matsala". Aka ce za a yi takardar tambayoyi, za a yi hira da ma'aikatan ofis, za a duba yadda wasu sassan suke yi. Muka buɗe zaure a WhatsApp, muka watse kowa yana murmushi. Ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya na abin da aka yanke.

Bayan mako biyu muka haɗu. Ni da wata 'yar rukunin kowannenmu ya zo da takardar tambayoyinsa cikakkiya, don kowa ya tashi daga zaman farko yana ganin shi aka ba wa. Hira da ma'aikata kuwa ba wanda ya je, kowa ya ɗauka wani ne zai yi. Duk mun ji kalmomi iri ɗaya a ɗaki ɗaya, mun fita da fahimta biyar. Daga baya na ga lissafin: tsakanin mutum biyar akwai hanyoyin magana goma, in an ɗauke su bibbiyu, in suka zama shida hanyoyin su koma sha biyar. Mu kuwa kusan duk goman muka yi amfani da su, wannan ya kira wancan, wancan ya tura wa waccan saƙo a gefe, ba wuri ɗaya da magana take zaune.

Daga nan aka shiga tsama. Ita wadda muka yi karo a kan tambayoyin ta naɗa kanta shugaba ba tare da an zaɓe ta ba, ni kuma na ƙi ba ta haɗin kai don haushin an ajiye tawa takardar an ɗauki tata. Ta koma turo saƙon murya na minti huɗu-huɗu, wanda in kana neman ranar da ta ambata sai ka sake saurare daga farko. Ɗaya tana ƙoƙarin sasanta mu. Ɗaya ba ya cewa komai, sai dai ya sa alamar babban yatsa. Na biyar kuwa tun zaman farko ba mu sake ganinsa ba, ɗan a bi yarima a sha kiɗa. Abin kunyar da muka yi, muka buɗe wani zauren na mutum huɗu ba shi, muna ta cin namansa a can.

A mako na 9 aka yi lakcar aikin rukuni. Mako na 9. Malama ta kawo matakan Bruce Tuckman na 1965: haɗuwa, rikici, daidaitawa, sannan aiki ya kankama, da mataki na biyar na rabuwa da ya ƙara tare da Mary Ann Jensen a 1977. Muna zaune muna satar kallon juna, don labarinmu ake bayarwa. Sanin cewa rikicin nan kusan kowane rukuni yana bi ta cikinsa ya rage mana zafi, amma ihu ne bayan hari. Da an koya mana shi a makon da aka raba mu, da mun san daɗin bakin zaman farko ba yarjejeniya ba ce.

A lakcar nan dai ta kawo Maximilien Ringelmann, injiniyan aikin gona na Faransa da ya auna ƙarfin mutane suna jan igiya, ya wallafa a 1913. Ya gano cewa in mutane suka ƙaru, ƙarfin da kowane ɗaya ke sakawa raguwa yake yi, har mutum takwas suka ja kusan rabin abin da ya kamata a samu in an tara ƙarfinsu ɗaya-ɗaya. A 1979 Bibb Latané da abokan aikinsa Kipling Williams da Stephen Harkins suka gwada da ihu da tafi, suka samu abu mai kama da haka. Bayan shekara biyu suka nuna cewa in aka gaya wa mutane za a iya auna muryar kowa shi kaɗai, lalacin yana gushewa. Wato maganin an san shi: a bar kowa ya san za a ga nasa hannun.

A nan ne na kasa gane kan kwas ɗin. Shi ne ya koya mana wannan binciken, kuma shi ne ya tsara maki 40 da za a ba mutum biyar bai ɗaya, ko ka yi ko ba ka yi ba. Akwai takardar auna juna da muka cike a ƙarshe, amma an faɗa mana tun farko ba ta taɓa maki. To wa zai ji tsoronta? An ce haka wurin aiki yake, ba ka zaɓar abokan aiki kuma tare ake yaba muku ko a zarge ku. Ban karɓi wannan ba. A wurin aiki akwai shugaba da ke ganin wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma wanda ya ɓace wata guda akwai abin da zai biyo baya. Mu an ba mu nauyin ba a ba mu ikon ba.

Da muka kai ƙara ofishinta a mako na 10, na zaci za ta cire shi. Ta saurare mu har muka gama, sai ta ce, "Kun rubuta masa?" Muka ce ai yana cikin zauren, yana ganin komai. Ta ce, "Ban tambaye ku ko yana gani ba. Akwai wanda ya rubuta masa da sunansa, ya ce ga aikinka, ga ranar da muke so?" Shiru. Ta sa muka zauna a nan muka rubuta masa imel mai layi biyar, ba zagi ba habaici, aka sa ta a kwafi. Kafin dare ya amsa, ya ce ya ga ana ta faɗa ne bai san inda zai sa hannu ba. Ban gaskata shi duka ba, amma ban iya ƙaryata shi ba, tunda mako shida ba wanda ya ba shi aiki da suna. Ya rubuta gabatarwar rahoton, ba ta yi kyau ba, muka gyara.

Wanda ya cece mu shi ne mai shirun nan. Wata rana ba sanarwa ya buɗe shafi a Google Docs, ya yi jadawali mai gida uku: aiki, suna, rana. Sharaɗinsa ɗaya, suna ɗaya tak a gaban kowane aiki, ba "ni da wane" ba, ba "duka" ba. Ya kuma ce duk zaman da aka yi, kafin a tashi wani ya rubuta abin da aka yanke a layi biyar ya liƙa a ƙasan jadawalin, saƙon murya kuma a daina. Abin da muka kasa yi a mako biyar muka yi shi a kwana goma sha biyu. Ba wani sabon ilimi a ciki, darasin imel ɗin nan ne na makon farko, me ake so, wa zai yi, yaushe. Mun ci makinsa a takarda, ba mu taɓa tunanin yi wa junanmu amfani da shi ba.

Kuma a kansa na tafka nawa kuskuren. Kafin ya kawo jadawalin, na taɓa cewa a zauren mutum huɗu, yana ciki, wasu sai sa yatsa suka iya. Bai tanka ba. Ana saura kwana uku mu miƙa na buɗe tarihin gyare-gyaren rahoton ina neman wani sakin layi da ya ɓace, sai na ga sunansa jere, ƙarfe ɗaya na dare, ƙarfe biyu. Shi ya sake lissafa amsoshin tambayoyin duka, ya gano na ƙirga wasu sau biyu, ya gyara jadawalin alƙaluma bai gaya wa kowa ba. Na same shi bayan lakca na ce, "Ɗan'uwa, ka yafe min, na yi maka mummunan zato." Ya ce, "Ba komai, ni ma da na faɗa da ba a kai nan ba." Da yawan magana nake auna aiki, shi ya sa na ɗauki mai saƙon minti huɗu a kan ta fi kowa wahala, shi kuma na sa shi a layin 'yan kallo.

Ita ma shugabar tamu sai na ba ta haƙƙinta. Da muka haɗa sassan, rahoton ya fito kamar riga mai faci biyar, wani yana cewa "mun gano", wani "an gano", wani ya maimaita abin da na gabansa ya gama faɗa. Ta kwana biyu tana mayar da shi murya ɗaya, ta yanke shafi biyu nawa a kan tarihin allon sanarwa waɗanda na fi alfahari da su. Na yi fushi na yini guda. Da na karanta daga farko zuwa ƙarshe ban ji an rasa komai ba.

Gabatarwar ta zo da sauƙi saboda mun gwada sau biyu da agogo. Gwajin farko ya ci minti 22, muka rage shafukan PowerPoint daga 24 zuwa 11. Wanda ya ɓace ɗin nan Allah ya ba shi baki, ya tsaya ya yi bayanin sashensa kamar shi ya kwana a kai, har aka tafa masa. Da muka gama Malama ta ce, "In sashen zai iya ɗaukar shawara ɗaya kawai cikin shida ɗin nan, wacce?" Muka tsaya kallon-kallo, don ba mu taɓa jera su bisa muhimmanci ba. Mai shirun ne ya ce a tsayar da hanya ɗaya tilo ta sanarwa da mutum ɗaya mai alhakinta, sauran biyar duk a kanta suka rataya. Muka samu 31 cikin 40, mu biyar, har da mai tafin.

In zan ba da maki, ɓangaren rubutu da magana a gaban jama'a huɗu cikin biyar, ɗayan ya tafi ne saboda jinkirin gyara da haddar jarrabawa. Tsarin aikin rukuni biyu cikin biyar. Gyaransa ba mai wuya ba ne: a dawo da lakcar Tuckman da Ringelmann makon da ake raba rukuni, a tilasta wa kowane rukuni ya miƙa jadawalin aiki da suna da rana a makon farko, a ware ko da maki goma cikin arba'in ɗin ya dogara da abin da mutum ya yi da hannunsa, tunda tarihin gyare-gyare yana nan ba ya ƙarya. Wanda zai ɗauki kwas ɗin kafin a yi haka, kada ya jira mako na 9. Ya fito da takarda a zaman farko, tun ana cikin "ba matsala", ya tambaya sunan wa za a rubuta.

Bayan an fitar da sakamako na tura wa Malama waɗannan shawarwari uku ta imel, gaisuwa a layi ɗaya, buƙata a na biyu. Washegari ta amsa. Ta ce lakcar za ta dawo da ita mako na 4 a zango mai zuwa, jadawalin ma za ta sa shi cikin sharuɗɗa, amma rabon maki ba a hannunta yake ba, sai kwamitin sashe ya zauna. Ta ce in ina so in rubuta wa kwamitin, kada ya wuce shafi ɗaya, kuma ta ba ni zuwa ƙarshen wata. Na tura wa mai shirun daftarin farko jiya, ya dawo min da shi ya yanke rabi.